Ɓera Goma Sha Biyu da Kafinta Ɗaya

A ƙofar ɗakin Baba akwai wata takarda manne da salatif, an buga ta da inji, an sa mata hannu a ƙasa sai ka ce sammacin kotu. Doka biyar ce a jikinta: ba baƙi, ba rediyo, ba fita, ba hayaniyar jikoki, kuma duk mai shiga sai ya wanke hannu ya rufe hanci. Mai sa hannun ba wata bare ba ce, 'yar autarsa ce, wadda asibiti ke kira Likita, ɗakin bincike ke kira Malama, gida kuwa har gobe Auta take, ko da yake furfura ta fara leƙo mata ta gefen kunne.

Wata takwas ke nan takardar na nan. Kafin zuwanta, Baba kafinta ne, shekara arba'in da ɗoriya a shago ɗaya a ƙarshen layi, tsakanin mai walda da mai gyaran agogo. Mutum ne mai baki. In ka kawo masa kujera gyara sai ya fara da zagin wanda ya ƙera ta, ko da kuwa shi ne ya ƙera ta shekara goma baya. Sanƙarau ya kayar da shi rana ɗaya yana tsakiyar yanka katako. Mako uku ya yi a asibiti, ya fito da ransa, zazzaɓi ya sauka, wuya ya saki, gwaji ya nuna ba sauran ƙwayar cuta. Sai dai sunaye sun riƙa sulluɓe masa. Zai ce a miƙo masa cokali, sai ya tsaya da hannu a miƙe yana laluben kalmar, har ya fusata ya tashi ya ɗauko da kansa.

Dangi suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama, tunda abin da Auta ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai ke nan. Da safe tana duba marasa lafiya, da rana tana can saman bene tana leƙen ƙwaƙwalwar ɓeraye a madubin bincike, shekara bakwai cur a kan tambaya ɗaya: me ya sa mutum ke warkewa daga ciwon ƙwaƙwalwa amma ya dawo gida da giɓi a kansa? Ranar da aka sallami Baba ta zaunar da Yaya, babban wanta, wanda Baba ke zaune a gidansa, ta yi masa karatu.

"Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ta mahaɗa suke magana da juna, Yaya, kamar inda waya ta haɗu da waya. Duk abin da ka koya, wata mahaɗa ce ta ƙullu. To akwai wasu ƙwayoyi masu gadi a ciki, mu 'yan sassabe muke ce musu. Su ke yaƙar cuta, su ne kuma ke sare mahaɗar da aka daina amfani da ita. In ciwo ya harzuƙa su ba sa hucewa da wuri, sai su yi ta sara, mai kyau da marar kyau. Na gani a ɓera ya fi ɗari huɗu. Kar a bari komai ya sake tsokano su, ko mura ce, ko hayaniya. A bar shi ya huta."

Yaya direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi. Bai gane rabin zancen ba, amma ya gane ɗari huɗu, ya kuma san ƙanwarsa ce ake ɗauka a jirgi ta je ta faɗi wannan maganar a gaban manya. Shi ya kawo salatif ɗin da kansa.

Kullum da safe, kafin ta wuce aiki, Auta takan biyo ta shiga ɗakin da hanci a rufe, ta faɗa wa Baba kalma uku, ta jira minti biyar, ta ce ya maimaita. A watan farko yakan kawo biyu, ya ƙara mata da ta uku daga aljihunsa.

"Ni kika mayar ɗan aji ɗaya? Ke da na share wa majina da hannun rigata?"

Sau biyu ya sulale zai tafi shago, Yaya ya tsare shi a bakin gida. A wata na huɗu ya daina gwadawa. A na shida ya daina faɗa. Yanzu in ta shiga sai ta same shi zaune a gefen gado ya juya wa taga baya, hannuwan nan biyu da suka saba da zarto suna ajiye a cinya, sun yi laushi. Ko kalma ɗaya ba ya kawowa. Auta takan rubuta sifiri a ɗan littafinta, ta fito ta ce wa Yaya 'yan sassabe ba su huce ba, a ƙara kiyayewa. In ta shiga mota takan daɗe ba ta tayar ba, don tsoro ne fal cikinta, tana kallon ubanta na ƙarewa a hannunta ita da ta fi kowa sanin ciwon.

A wurin aiki akwai wata ƙa'ida da Auta ke taƙama da ita fiye da digirinta. Ba ta ganin ɓerayen da take bincike a kansu. Suna can ƙasan bene, ita tana sama. Abin da ke hawo mata shi ne siraran yankan ƙwaƙwalwa a kan gilashi, kowane da lamba, ba suna ba bayani. Takan ƙirga mahaɗa har ta gama, sannan a buɗe ambulan da ke ɗauke da sirrin wane ne ya yi ciwo, wane ne lafiyayye. Takan ce wa ɗalibai an yi haka ne don kada ido ya ga abin da zuciya ke so. Ƙa'ida ce mai kyau, ba mai musu. Illarta ɗaya, shekara bakwai matar nan ba ta taɓa sauka matakala goma sha takwas ta ga yadda bayin Allahn nan ke kwana ba.

Wata Talata ta gama ƙirgan gilashi ashirin da huɗu, duk ta same su cunkus da mahaɗa. Ta ɗauka an yi kuskure an hawo mata da lafiyayyu zalla. Da aka buɗe ambulan sai ga goma sha biyu daga ciki sun yi ciwon, sun warke, kuma ga ƙwaƙwalwarsu kamar ba abin da ya taɓa ta. Ta jawo sakamakon akwatin lunguna, inda ake sakin ɓera ya nemo abinci don a ga ko yana tuna hanya. Su goma sha biyun nan sun tuna, har biyu sun riga lafiyayyu isa. Ta sake ƙirgawa, lamba ba ta motsa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ta tuɓe safar hannu ta nufi matakala.

Mai kula da ɗakin dabbobi wata dattijuwa ce gajeriya mai ƙaton tabarau, shekararta ashirin a ƙasan benen nan, kowa Uwar Ɓeraye yake ce mata, ita ma ta karɓa. Tana wanke kwalaben ruwa ta ɗago ta ga Auta.

"Ikon Allah! Yau Malama ce a ƙasa? Ko benen ne ya rushe?"

"Mama, rukunin watan jiya. Masu ciwon nan goma sha biyu. Me ya same su?"

"Me ya same su kuwa? Daɗi ya same su." Ta goge hannu a jikin rigar aikinta. "Famfo ne ya fashe a ɗakin killacewa, ruwa har ƙauri. Su kuma sun riga sun warke, gwaji ya wanke su tas. Ina zan kai keji goma sha biyu? Sai na zuba su shida-shida, irin yadda lafiyayyu ke zama. Ai na rubuta a rajista, da jan biro ma. Wa ke karantawa?"

"Tsaya, Mama. Da can ba shida-shida suke ba?"

Dattijuwar ta sauke tabarau ta dube ta ta samansa, irin kallon da ake yi wa babban mutum ya tambayi ina rana ke fitowa. Ta ja ta zuwa ɗaki na farko. Nan lafiyayyu suke, shida a keji ɗaya, ga yagaggun takardu sun yi sheƙa, ga bututun kwali suna shiga suna fita, wani na bin wani, wani ya hau kan ɗan'uwansa yana barci. Sannan ta buɗe ɗaki na biyu mai ƙofa biyu, wanda aka gama gyarawa. Shiru kamar an yi mutuwa. Keji ne jere har rufi, kowane da ɓera ɗaya tak, ba kwali, ba takarda, sai ruwa da abinci.

"Dokar masu kula da tsaro ce, tun kafin ki zo," in ji Uwar Ɓeraye. "Wanda aka sa wa cuta shi kaɗai yake zama, ko ya warke, har ranar da za a hawo miki da kansa. Kayan wasa ma an hana, wai suna riƙe cuta. Ni dai na daɗe ina gani, Malama. Mako biyun farko suna fafutuka, suna cizon ƙarfe. Daga nan sai su haƙura. Zaman kaɗaicin nan ne ke cin su. Amma ni wa ya tambaye ni? Mai wanke kwalba ce."

Auta ta sunkuya a gaban wani keji. Ɓeran na zaune a kusurwa ya juya wa haske baya, bai ko motsa ba da inuwarta ta faɗa masa. Ta san zaman nan. Da safiyar nan ta baro shi a gefen gado.

Ta miƙe tsaye. Ɓera ɗari huɗu, kowane abu biyu aka yi masa, an sa masa ciwo, an kuma kulle shi shi kaɗai, ita kuwa ta zauna a sama tana ɗora wa ciwon laifin duka. Ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, ɗalibin shekarar farko ma ya san dabbar da aka ware takan dusashe. Da bakinta ta gaya wa Yaya cewa 'yan sassabe mahaɗar da aka daina amfani da ita suke sarewa, sannan ta buga takarda ta hana ubanta amfani da ko ɗaya. Kunya ta fara zuwa mata, ta rufe ta ruf. Bayan kunyar sai fushi ya taso, kuma shi ne ya ɗauke ta ya hau da ita bene, rajistar na hammatarta.

Farfesa, shugaban sashen, mutum ne mai sanyin murya da ba ya taɓa ɗaga ta, don bai taɓa bukata ba. Shi ya ɗauko Auta tun tana ɗaliba, sunansa kuma na ƙarshe, gurbin jagoran bincike, a kan babbar maƙalar da za su aika wa mujalla ranar Juma'a, wadda ta tattara aikin shekara bakwai. Ya saurare ta har ta gama, ya juya shafin rajistar da ɗan yatsa ɗaya.

"To, ai abin ya zo da sauƙi," ya ce. "An karya ƙa'idar ajiya, rukunin ya lalace. A cire shi. Ita kuma baiwar Allahn nan mai kula da ɓerayen a ba ta takardar gargaɗi."

"Ranka ya daɗe, rukunin nan ne kaɗai bai lalace ba."

"Goma sha biyu, Malama. A gaban ɗari huɗu."

"Ɗari huɗun ba su amsa tambayar da muka ce sun amsa ba. Ko dubu huɗu ne, a kurkuku muka auna su."

"Ba wanda ya ce ciwon ba ya taɓa mahaɗa."

"Ni ma ban ce ba. Cewa na yi ban san nawa ne na ciwo ba, nawa ne na keji. Kai ma ba ka sani ba. Abin da ban sani ba kuwa ba zan sa masa hannu ba."

Farfesa ya cire tabarau ya shiga goge shi a hankali. Ya tuna mata cewa a kan maƙalar nan za a duba ƙarin girmanta. Ya tuna mata ɗalibai uku da ke jiran sunansu ya fito. Ya ce ɗakin binciken da take ciki mai taga biyu akwai masu so, kuma ba ya jin zai iya ci gaba da kare mata shi in shekara bakwai ta tashi a tutar babu. Ya ce a aika yanzu, in ya so baɗi a yi sabon gwaji a natse, a gyara a maƙala ta gaba, haka kowa ke yi.

"Baɗi?" in ji Auta. "Kafin baɗi likita nawa ne zai karanta ya ce wa dangin mara lafiya su rufe shi a ɗaki? Ni da na rubuta ma na yi. Wata takwas ubana na kulle da sa hannuna."

"Kin ga matsalar ke nan. Kin shigo da gida cikin aiki."

"Aikin ne na kai gida, ranka ya daɗe, ga shi yana cin mini uba."

Ya ce ta je ta huce, su yi magana gobe. Ta ce a huce take. Ta jawo takarda daga kan teburinsa, da bironsa, ta rubuta layi uku cewa ta janye sunanta da gilasanta daga maƙalar har sai an sake gwajin da keji iri ɗaya, ta sa hannu, ta tura masa. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba, amma in shi yana son rabuwar, ga hanya.

"Takardar gargaɗin kuma a rubuta sunana," ta ce daga bakin ƙofa. "Ita ta rubuta da jan biro. Ni ce ban karanta ba."

Ƙarfe huɗu na yamma ta tsayar da mota a ƙofar gidan Yaya, ko farar rigar aiki ba ta tuɓe ba. Ta same shi a tsakar gida yana gyaran fanka. Ta wuce shi, ta kama takardar nan ta ɓalle, salatif ya taho da fenti.

"Ke Auta, lafiya?"

"Ina makullin shagon Baba?"

"Shago kuma? Me za a yi da shi?"

"Aiki zai tafi."

Yaya ya ajiye fanka ya miƙe, ya zo ya tsaya tsakaninta da ƙofar. Ƙato ne, ya cika ta. Ta yi masa bayani a tsaye, famfo, keji, shida-shida, jan biro. Yana saurare fuskarsa na ƙara haɗewa.

"Wato Baba ɓera ne?"

"Da na ce a rufe shi ma ai ɓeran na kawo maka, ka yarda."

"Na yarda don kin ce kin sani! Wata takwas ina korar abokansa daga ƙofar nan kamar masu bin bashi. Mai agogo ya zo sau nawa, na ce masa likita ta hana, har ya yi fushi ya daina gaishe ni. 'Ya'yana suna tafiya da sanɗa a gidan ubansu. Na riƙe tsohon nan a bakin gida yana roƙona, ni ɗansa, na mayar da shi ciki. Yau ki zo ki ce mini famfo ya fashe?"

"Na yi kuskure, Yaya."

"To in yanzun ne kike kuskuren fa? In ya fita ya kwaso wani ciwon? In zarto ya cire masa yatsa? Kin tabbata zai dawo daidai?"

Nan ne Auta ta so ta ce ta tabbata, don ta san da ta faɗa zai matsa. Kalmar har ta zo bakinta, ta haɗiye ta.

"Ban tabbata ba. Mutum ba ɓera ba ne, kuma wata takwas ba kwana takwas ba ne. Wataƙila abin da aka sare ya saru ke nan. Abu ɗaya na tabbata, ɗakin nan ba ya warkar da shi, ni da kai muna gani kullum. In yatsa ya fita ni zan ɗinke. Matsa mini."

"In na ƙi fa?"

"Sai dai ka ɗauke ni ka fitar, maƙwabta su sha kallo. Na ajiye aikin shekara bakwai a teburin wanda ya fi ka iko da ni, ban taho nan don ƙofar katako ta tsayar da ni ba."

Suka tsaya ido cikin ido. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su biyun duk taurin kan mutum ɗaya suka gada. Yaya ne ya fara kau da kai, ba don ta fi shi ba, sai don shi ma ya gaji da gadin ƙofar nan. Ya shiga ɗakinsa ya fito da makulli ɗaure da igiya, ya ce shi zai tuƙa.

Baba bai tambayi ina za a je ba. Auta ta shiga ba abin rufe hanci, ta durƙusa ta sa masa takalmi, ya bi ta kamar yaro. A mota ya riƙa runtse ido saboda rana. Da suka shiga layin, ƙarar injin mai walda ta doke su, Baba ya zabura, Yaya ya harari Auta ta madubi, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu.

Ƙofar shagon ta yi tsatsa, sai da Yaya ya sa kafaɗa. Ƙura ta rufe komai. Katakon da Baba ke yankawa ranar da ya faɗi yana nan a kan benci, zarto maƙale a rabinsa. Mai agogo ya leƙo daga shagonsa da gilashi a ido ɗaya, ya tsaya cak, sannan ya wage baki.

"A'a! Wa nake gani? Ashe ba ka mutu ba, tsohon banza? Ai har na fara tunanin faɗaɗa shagona!"

Baba ya dube shi, leɓɓansa na motsi. Sunan bai zo ba. Shekara talatin suna shan shayi a benci ɗaya, sunan ya ƙi zuwa. Auta ta ji kamar ta nutse. Mai agogo ya gane, amma bai nuna ba, ya jawo kujera ya zauna yana ci gaba da tsiyarsa, ya ce akwai wata 'yar kanta da yake so a yi masa tun bara, in dai kafintan bai manta yadda ake riƙe guduma ba, tsawonta kamu uku.

Baba ya matsa jikin bencin. Ya shafa katakon, ya hure ƙurar. Hannunsa ya tafi kan ƙusar da tef ɗin awo ke rataye ba tare da ya duba ba. Ya zare zarton, ya jawo wani katakon, ya auna, ya laluba bayan kunnensa bai ji fensir ba, Auta ta miƙa masa bironta. Ya ja layi. Ya fara yanka, zarton na tsalle yana kaucewa, hannun na rawa, zufa ta keto masa. Yaya ya yunƙura zai karɓa, Auta ta riƙe masa riga. Abin da da yake yi cikin numfashi goma sai da ya ci minti goma. Guntun ya faɗi ƙasa.

Mai agogo ya ɗauka ya gwada da hannunsa. Kamu biyu ne da ɗan kai, yankan kuma a karkace.

"Kin gani ko?" in ji Yaya ƙasa-ƙasa. "Kin kawo shi ya ji kunya a gaban mutane."

Baba ya karɓi guntun ya juya shi, ya ɗaga shi saitin ido, ya duba karkacewar. Fuskarsa ta yamutse. Auta ta ɗauka kuka zai yi.

"Wane ɗan iskan ne ya yi wannan yankan?" ya ce, da wata murya a dushe da ba a ji ba tun wata biyu. Ya yi jifa da guntun ya daki bango. "Aikin banza! Aikin wofi!"

Mai agogo ya fashe da dariya har gilashin idonsa ya faɗo. Yaya ya juya baya yana share fuska da hannun riga. Auta ta matso da sauri, hawaye na zubo mata, likitan cikinta na son ta kama wuyan hannunsa ta ji bugun jini.

"Baba, sannu. Ka ɗan zauna ka huta, sai..."

Ya fizge hannunsa. Ya juyo ya dube ta sosai, kallon da ya daɗe bai yi wa kowa ba.

"Kar ki ƙara ce mini in huta." Ya tsaya yana laluben sunanta, ta ga yana nema, ta ga bai samu ba. Ya nuna ta da zarton. "Ke. Ke ce kika rufe ni. Ciwon ya kwashe mini sunaye, amma bai kwashe wannan ba. Kullum ina sane."

Mai walda ma ya kashe injinsa. Auta ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma kawo hujjar ɓera ko ɗaya ba.

"Ni ce, Baba."

Bai ce ya yafe ba. Ya juya ga bencin, ya share garin katakon da gefen hannu, ya sake warware tef ɗin awo.

"To miƙo wani katakon," ya ce. "Kuma ki matsa, kin tare mini haske."